Shinkafarmu: Mun San Yawan Buhuna, Saura Sanin Abin Da Ke Cikin Ƙwaya

A watan Nuwamba na 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya je Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya, wanda aka fi sani da Anchor Borrowers. Shinkafa ce ginshiƙin shirin. Abin da ya biyo baya, duk mai sauraron rediyo ya haddace shi: an buɗe katafaren kamfanin gyaran shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, an rufe iyakokin ƙasa na tudu a watan Agusta na 2019 don tare 'yar waje da ke kwararowa ta Jamhuriyar Benin, ba a sake buɗe su ba sai Disamba na 2020, sannan a Janairu na 2022 aka tara dalar buhunan shanshera a Abuja aka gayyato jama'a su zo su gani da idonsu. Manoma da dama sun ga alheri a waɗannan shekaru, kuma wannan ba abin rainawa ba ne.

Ana tsaka da wannan hidima aka gudanar da binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018. Binciken ya gano cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewa cikin rashin abinci mai gina jiki. Jihar da ta fi kowace yawan irin waɗannan yara ita ce Kebbi, da kashi 66. Haka kuma kashi 68 na ƙananan yaran ƙasar, da kashi 58 na matan da ke shekarun haihuwa, suna fama da ƙarancin jini.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba shinkafa ce ta tsumburar da yaran Kebbi ba. A ƙauyuka da yawa gero da dawa ne abincin yau da kullum, shinkafar kuwa kasuwa ake kai ta. Gudawa da zazzaɓin cizon sauro da gurɓataccen ruwan sha da haihuwa kusa-kusa da talauci, kowannensu na da hannu a ciki. Abin da alƙaluman ke nunawa shi ne cika rumbu daban, gina jikin yaro daban. Mun zuba kuɗi da siyasa a kan na farko, na biyun kuma bai samu masana da kayan aiki gwargwadon girmansa ba. Alhali shinkafa kullum ƙara mamaye tukunyarmu take yi, musamman a birane, inda saurin dahuwarta ya sa ta ture tuwon dawa gefe a gidaje masu yawa. Ƙiyasin ma'aikatar noma ta Amurka ya nuna Najeriya na samar da gyararriyar shinkafa sama da tan miliyan 5 a shekara, tana cin sama da tan miliyan 7. Abincin da ake ci da wannan yawa, wajibi ne a san me yake ba jiki da me yake hana shi.

Abin da inji ke sharewa

Idan aka ɗauki shanshera, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta ɓuntu ne, ba ya ciyuwa. A ƙarƙashin ɓuntun akwai wata siririyar fata mai duhu, da ɗan ƙwayan da ke tsiro. A nan ne mafi yawan bitamin B1 da sauran 'yan uwansa, da mai, da kaso mai tsoka na sinadarin ƙarfe da zink suke zaune. Injin da ke goge shinkafa ta yi fari tas, wannan fatar yake kankarewa ta zama dusa, a sayar wa masu kaji da masu kiwo. Abin da ya rage wa mutum yawancinsa sitaci ne, da furotin kimanin kashi 7 cikin 100, wanda shi ma bai cika ba sai an haɗa shi da wake ko gyaɗa ko nama.

Duniya ba ta san haka da araha ba. A ƙarshen ƙarni na 19, da injunan goge shinkafa suka bazu a Asiya, wata cuta mai suna beriberi ta riƙa kashe mutane: ƙafafu su yi sanyi su kumbura, tafiya ta gagara, zuciya ta gaza. A 1883 wani jirgin ruwan sojan Japan ya dawo daga doguwar tafiya, mutum 169 cikin 376 sun kamu, 25 sun mutu. Likitan rundunar, Kanehiro Takaki, ya sa aka tura wani jirgin ta hanya guda amma da abinci dabam, an rage farar shinkafa an ƙara nama da madara da kayan lambu. Babu wanda cutar ta kashe a tafiya ta biyu. A tsibirin Java kuma, wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, ya lura cewa kajin da ake ba farar shinkafa suna shanyewa, idan aka koma ba su wadda ba a goge ba sai su warke. Wannan lura ce ta buɗe ƙofar gano bitamin, ita ce kuma ta kai shi ga lambar Nobel a 1929.

Sashen labarin da ya fi shafarmu ya faru ne a Malaya. Likitoci a can sun lura cewa leburori 'yan Indiya masu cin turararriyar shinkafa ba su cika kamuwa ba, 'yan China masu cin fara kuwa suna faɗuwa. A 1905 likita William Fletcher ya gwada abin a wani asibiti a Kuala Lumpur: ya raba marasa lafiya gida biyu, waɗannan aka ba su fara, waɗancan turararriya. Cutar ta tattara a kan masu cin fara. Dalilin kuwa, lokacin da aka jiƙa shanshera aka turara ta, bitamin ɗin da ke cikin fata yakan narke ya ratsa cikin ƙwayar, ta yadda ko an goge ta daga baya ba a kwashe shi duka ba.

Kuma cutar ba ta tsaya a Asiya ko a tarihi ba. An samu ɓarkewarta a karkarar Gambiya a daminar 1988, haka kuma a babban gidan yarin Abijan a 2002 zuwa 2003. Duk inda aka tara mutane ana ciyar da su abu ɗaya kullum, makarantar kwana ce ko sansanin 'yan gudun hijira, wannan haɗari yana kusa.

Ilimin da ke hannun masu gumi

Abin da Fletcher ya gwada a asibiti, matan Kura da Garun Malam da Hadeja da Argungu suna yin sa kowace safiya. Gumi sana'ar mata ce a yawancin garuruwanmu: a wanke shanshera, a jiƙa ta cikin ruwan zafi ta kwana, a turara a cikin tukunya ko rabin duro har ɓuntu ya fara tsagewa, a shanya, sannan a kai inji. Suna yi ne don ƙwaya ta yi ƙarfi kada ta kakkarye, ta kuma yi kyan gani a kasuwa. Amfanin da jiki ke samu ƙari ne da ya zo tare da sana'ar. A ganina babu wata hanyar inganta abincin talaka a ƙasar nan da ta kai gumi yaɗuwa, kuma babu wadda aka yi wa riƙon sakainar kashi kamarta.

Domin gumi ba iri ɗaya ba ne. Zafin ruwan jiƙo, tsawon lokacin jiƙon, ko shinkafar na nutse cikin ruwa ne ko tururi kaɗai ke ratsa ta, a kan me aka shanya ta, duk suna canza abin da zai rage a cikin ƙwaya. Wadda aka bari ta daɗe a ruwan da ya huce takan yi tsami da wari. Wadda aka shanya a gefen titi takan kwashi tsakuwa da ƙura. Wadda ba ta bushe sosai ba aka ɗura a buhu takan yi fumfuna, fumfuna kuwa na iya haifar da guba mai lalata hanta. Cibiyar AfricaRice ta shiga wannan fage da tsarin turarawa da ta kira GEM, wanda ke amfani da tukwanen ƙarfe marasa tsatsa da murhu mai cin itace kaɗan, wani lokaci ma ɓuntun shinkafar ake ƙonawa a madadin itace. An fara kafa shi a Glazuwe ta Jamhuriyar Benin, sannan aka kawo shi Lafiya a jihar Nasarawa. Aiki ne mai kyau. Sai dai mafi yawan masu gumi har gobe da duro da itace suke aiki, cikin hayaƙin da ke cin idanu da ƙirji, kuma su ne ke turara shinkafar da talaka ke auna wa iyalinsa a mudu.

Bayan gumi akwai tukunyar gida, inda ake iya zubar da abin da aka tsirar. A gidaje da yawa ana tafasa shinkafa, a tace, a wanke, sannan a sake ɗora ta. Ruwan da aka zubar ya tafi da bitamin masu narkewa a ruwa. Amma lamarin ba mai fuska ɗaya ba ne: shinkafa na tsotsar sinadarin arsenik daga ƙasa da ruwa fiye da sauran hatsi, kuma dafa ta cikin ruwa mai yawa a tace yana rage shi. To wace shawara za a ba uwar gida a Talata Mafara ko Yawuri? Amsar na wurin wanda ya auna ƙasar fadamarta da ruwan da ake ban-ruwa da shi. Jama'ar da ta ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ta bukatar a yi mata dogon bayani kan muhimmancin irin wannan awo a yankunan da ake haƙar ma'adinai.

Ga kuma tuwon shinkafa da waina da sinasir, waɗanda da ɗanyar shinkafa ake yin su, wadda ba a turara ba, a dafa ta ta yi laushi lugub ko a niƙa. Likitoci sun san cewa irin wannan sarrafawa kan sa suga ya hau cikin jini da sauri. Wani babban nazari da ya fito a mujallar likitocin Birtaniya a 2012 ya danganta yawan cin farar shinkafa da ƙaruwar haɗarin ciwon suga, amma mutanen da aka bibiya 'yan China da Japan da Amurka da Ostireliya ne. Babu mai cin tuwo da miyar taushe a cikinsu, ko garau-garau da mai da yaji, ko dambun shinkafa da zogale. Miya da wake da ganye suna canza yadda jiki ke karɓar sitaci. Mai ciwon suga da ya tambayi likita a Kano ko Sakkwato ko zai iya cin tuwon shinkafa, ya cancanci amsar da aka samo daga gwajin tuwon shinkafa.

Cibiyoyi akwai, hannu ne ya yi kaɗan

Ba daga sifili za a fara ba. Cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi a jihar Neja ta daɗe tana aikin shinkafa, kuma daga gare ta ne jerin irin FARO ya fito. FARO 44, wadda manoma ke kira Sipi, ta cika fadamun Arewa. A 2017 aka fitar da FARO 66 da FARO 67 masu jure nutsewa cikin ruwa na kwanaki, abin da ambaliyar 2022 ta nuna tsananin bukatarsa. AfricaRice, wadda ƙasashen Yammacin Afirka suka kafa a 1971 da sunan WARDA, tana da reshe a Ibadan. Daga cibiyar ne Monty Jones ɗan Saliyo ya haɗa shinkafar Afirka ta asali, wadda kakanninmu suka fara nomawa a bakin kogin Neja shekaru kusan 3,000 da suka wuce, da ta Asiya, aka samu irin NERICA, aikin da ya jawo masa lambar abinci ta duniya a 2004. A Nijar akwai cibiyar binciken noma ta INRAN da ke aiki da gonakin ban-ruwa na Tillaberi da Yamai da Gaya. A Jami'ar Bayero akwai cibiyar noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa, a Jami'ar Gana kuma akwai cibiyar WACCI da aka kafa a 2007 don horar da masu samar da iri har matakin digirin digirgir a nan gida Afirka.

Amma a duba ma'aunin da ake yaba iri da shi: buhu nawa yake bayarwa a hekta, kwana nawa yake yi ya nuna, yaya yake da cuta da ambaliya, ƙwayar doguwa ce ko gajera. Duka tambayoyi ne na gaskiya, manomi ba zai shuka irin da ba ya cika buhu ba. Sai dai ba kasafai ake jin ana tallar iri da yawan zink ko ƙarfen da ke cikinsa ba. Bangaladash ta nuna ana iya haɗa biyun. A 2013 cibiyar binciken shinkafa ta ƙasar ta fitar da BRRI dhan62, shinkafa ta farko a duniya da aka samar musamman don ƙarin zink, da taimakon shirin HarvestPlus da cibiyar IRRI ta Filifin. Masanan ƙasar ne suka yi aikin a gonakinsu, kuma tun daga lokacin sun fitar da wasu irin da suka fi ta. Sirrin ba wani abu ba ne illa zama tare: mai samar da iri da masanin abinci mai gina jiki da mai ɗakin gwaje-gwaje suna aiki a kan tambaya ɗaya na tsawon shekaru.

A nan ne muke da giɓi. Auna zink da ƙarfe a ƙwayar shinkafa aiki ne mai wuya, don ƙura kaɗan ko gogar ƙarfen inji na iya sa sakamako ya yi ƙarya. Auna bitamin na bukatar na'urori masu tsada da sinadaran da ake saye da dala, da firjin da wuta ba ta ɗaukewa, da ƙwararren ma'aikacin da ya san gyaran na'urar idan ta tsaya. Jami'o'inmu da yawa sun sayi irin waɗannan na'urori, amma sayen na'ura abu ne na rana ɗaya, riƙe ta tana aiki kuwa na kowace rana ne. Shi ya sa samfuri kan tsallaka teku kafin a san abin da ke cikinsa, sakamakon ya fito cikin Turanci a mujallar da malamin gona ba zai taɓa gani ba.

Sannan binciken noma da damina yake tafiya. A 2020 jami'o'in gwamnati sun yi wata tara a rufe saboda yajin aiki, a 2022 wata takwas. Ɗalibin da ya shuka gwajinsa aka rufe makaranta ba watanni ya yi asara ba, shekara ya yi asara, wani ma ya haƙura da karatun gaba ɗaya. Shugabannin Afirka sun amince a kashe aƙalla kashi 1 cikin 100 na arzikin da noma ke samarwa a kan binciken noma, amma ƙididdigar da aka yi ta nuna Najeriya ba ta kai ko rabin hakan ba.

Hatta sanin abin da jama'a ke ci ya yi mana nisa. An yi binciken cin abinci da sinadaran jiki na ƙasa baki ɗaya a 2001 zuwa 2003, ba a sake yin irinsa ba sai 2021. Tsakanin nan an haifi yara sun girma har sun yi aure, garuruwa sun zama birane, taliya da shinkafa sun shiga inda fura da tuwo suke, duk ana tsara manufofi da tsohon ma'auni.

Shinkafa mai ƙarin sinadarai

Wata hanyar da ake gwadawa ita ce ƙara wa shinkafa sinadarai a masana'anta. Ana niƙa karyayyar shinkafa, a gauraya garin da ƙarfe da zink da bitamin, a matsa shi ta inji ya fito da siffar ƙwaya, sannan a zuba ƙwaya ɗaya irin wannan cikin kowace 100 ta ainihi. Indiya ta rungumi hanyar gadan-gadan bayan da firaministanta ya sanar a 2021 cewa duk shinkafar da gwamnati ke rabawa za ta zama mai ƙarin sinadarai. Najeriya ta saba da irin wannan: gishiri mai aidin tun 1993, fulawa da suga da man girki masu bitamin A tun 2002. An kuma fara gwajin shinkafar a jihar Kebbi tare da hukumar abinci ta duniya WFP, ta hanyar ciyar da 'yan makaranta.

Ina goyon bayan wannan, musamman ga makarantun kwana da asibitoci da sansanoni. Amma a san iyakarsa. Manyan kamfanoni ne kaɗai ke da injin haɗawa da ɗakin tabbatar da inganci, alhali kaso mai yawa na shinkafar gida daga ƙananan injuna take fitowa, dubbai a bakin kasuwanni. Akwai kuma al'adar tsintar shinkafa a faranti: matar da ta saba cire duk ƙwayar da launinta ya bambanta za ta iya tsince mai sinadarin ta zubar, ko ta yi zargin roba ce, tunda jita-jitar shinkafar roba ta riga ta zaga ƙasar a 2016. Waɗannan ba matsalolin da masanin sinadarai zai warware shi kaɗai ba ne. Ana bukatar masu binciken da za su shiga gida su zauna a bakin murhu, kuma a mafi yawan gidajenmu mace ce kaɗai za ta iya shiga har can. Horar da mata masu bincike daga Arewa a fannin abinci da noma, a ba su tallafin da ya yi la'akari da aure da goyo, bukata ce ta aikin kansa.

Inda kuɗin zai fi amfani

Da za a tambaye ni, ba sabon gini zan nema ba. Zan ce a zaɓi ɗakunan gwaje-gwaje biyu ko uku da ake da su, a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Badeggi, a ba su wutar sola da kuɗin sinadarai na shekara biyar a jere, a riƙe ma'aikatan da ke sarrafa na'urori da albashin da zai hana su tafiya, sannan a buɗe ƙofa ga ɗaliban kowace jami'a, har da na Yamai da Maraɗi, tunda kogi ɗaya da kasuwa ɗaya muke da su. Asusun TETFund yana da kason bincike da zai iya ɗaukar wannan. Manyan kamfanonin shinkafa da suka ci moriyar rufe iyaka da rancen gwamnati su ma suna da haƙƙin da za su sauke, kuma su ne farkon masu cin riba idan aka tabbatar shinkafar gida ta fi ta waje amfani.

Tambayoyin farko ba su da tsada. A ɗebo shinkafa daga hannun masu gumi na Kura da Hadeja da Argungu da Lafiya, a rubuta yadda kowacce ta jiƙa ta turara, a auna bitamin da ma'adinan da suka rage, kafin dahuwa da bayanta. A gwada tuwo da waina da dafa-duka da garau-garau a jikin masu sa kai, a ga yadda sugan jini ke hawa. A auna irin FARO da manoma suka riga suka karɓa, da tsofaffin irin gida da ke neman ɓacewa, a ga wanne ya fi zink. Gaggawar abin tana ƙaruwa, domin gwajin da aka yi a gonakin China da Japan, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa yawaitar iskar kabon a sararin sama na rage furotin da ƙarfe da zink da bitamin B a ƙwayar shinkafa. Ga tsada kuma: a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40, kuma idan kuɗi ya gaza, nama da kifi da ƙwai ake fara cirewa, a bar shinkafa da mai da yaji.

Duk abin da aka gano, a mayar da shi ga masu shi cikin harshensu. Ƙungiyoyin mata masu gumi suna nan a kusan kowane garin shinkafa, gidajen rediyo na da shirye-shiryen noma da na mata da ake saurare, malaman asibiti na yi wa masu awon ciki jawabi kowane mako. Idan bincike ya tabbatar da awa nawa ya kamata a jiƙa Sipi, da zafin da ruwan zai kai, da ko a tace ko kada a tace a wane yanki, ta waɗannan hanyoyi ne bayanin zai isa ga mai duro da mai tukunya, kuma ya kamata a sa kuɗin isar da shi cikin kasafin binciken tun ranar da aka rubuta shi.